Yajin Takwara

Yayana ya je bita Kano, ya dawo mana da magana guda a bakinsa: ƙara wa kaya daraja. Da ita yake kwana, da ita yake tashi. In ka miƙa masa gyaɗa soyayya sai ya juya ta a tafin hannu, ya girgiza kai, ya ce asara, da an ɓare ta an zuba a kwalba da yanzu ta zama kaya. Mu da muka san shi ko ɗaga kai ba mu yi ba. Wannan bawan Allah ne ya taɓa haƙa rami a bayan gidansa na Karaye wai zai yi kiwon kifi, kifin ya mutu, sauro ya gaji ramin. Shi ne ya cika ɗaki da salwa lokacin da aka ce ƙwanta na maganin kowace cuta, har muzuran unguwar suka yi ƙiba. Na ɗauka wannan ma zazzaɓi ne, zai yi kwanakinsa ya sauka. Ban san wannan karon zai dace ba, ban kuma san dacewarsa za ta fi duk faɗuwarsa yi mana ɓarna ba.

A gidanmu na Fulatan ya fara buɗe mana karatun. Mun je gaida Inna, mahaifiyarmu, wadda ke zaune a gidan tare da ƙanenmu da matarsa tun rasuwar Baba. Ta baza barkono a kan tabarma yana shan rana, tana gefe da 'yar sanda tana korar kaji. Yaya ya tsaya a kan barkonon, ya gyara hula, ya dube ni ya dubi matar ƙanenmu.

"Kun san abin da kuke tsallakewa kuwa?" in ji shi. "Kun san a kan irin wannan aka zubar da jini a duniya?"

Na ce ba mu sani ba, amma ga dukkan alamu yau za mu sani.

Ya ce a kan masoro, wannan masoron da muke saya a ƙulle a kasuwar Rogo, Turawa suka shiga jiragen ruwa suka kewaye ƙasar baƙar fata kaf, suna mutuwa a hanya, don kawai su gano inda yake fitowa. Kafin nan wai Larabawa ne ke riƙe da hanyar, ba sa gaya wa kowa inda suke sarowa. Ya ce kanumfari da gyaɗar ƙamshi a wasu 'yan tsibirai can gabas kawai suke tsirowa a da, da masu jirgi suka gano su sai suka hau mutanen wurin da bindiga, suka mallake itatuwan. Ya ce raƙuma sun sha tsallako sahara da kayan ƙamshi har Kano, kuma hatta barkonon da Inna ke gadi baƙo ne, daga ƙetaren teku aka kawo irinsa. Sannan ya sauke murya kamar mai wa'azi ya zo kan mutuwa. Ya ce har yau ba a daina ba, cittar da ake nomawa kudu da mu a buhu take fita, a niƙe ta a can, a zuba a 'yar kwalba mai kyau, a dawo mana da ita mu saya muna godiya.

Ban ce ƙarya ya yi ba. Labarin ya shige ni, har na daɗe ina kallon ƙwayar kanumfari ina tunanin mutanen da aka kashe a gindin bishiyarsa. Abin da ya ba ni haushi shi ne darasin da Yaya ya ɗauko. Duk mai zuciya in ya ji wannan labari masu tsibirin zai tausaya wa. Shi masu jirgin ya yi sha'awa. To ba shi da jirgi, ba shi da bindiga, babu kuma tsibiri tsakanin Karaye da Rogo. Sai ya waiga tsakar gida yana neman abin da zai mallaka, idonsa ya faɗa kan Inna.

A wajenmu in mace ta haihu, kafin suna ana dakan yaji. Miji ya sayo kaya: barkono, citta mai yatsu, citta mai 'ya'ya, kanumfari, masoro, kimba, fasaƙwari da gishiri. Mata su taru, dangin miji da dangin mai jego da maƙwabta, a jera turame a tsakar gida. A daka, a tankaɗe, a mayar da tsakin a sake dakawa. Mai jego ta ci nata da nama da ƙauri har ta fita wanka, sauran a ƙulla a raba gida-gida. Ranar kowa na atishawa, kowa na hawaye, ana lugude ana tsokanar dangin miji cewa ɗansu ya yi rowar kimba. Na sha ganin mata biyu da suka shekara ba sa gaisawa an haɗa su turmi ɗaya, kafin barkono ya yi laushi sun fara magana, don ba a sauke taɓarya tare da mutum ana gaba da shi.

Inna ba ta daka. Ita ce mai haɗi. A shimfiɗa mata tabarma a inuwa, a jera faya-fayan kayan a gabanta, ta sa hannu ta ɗebo wannan, ta tsakuro wancan, ta watsa a turmi. Babu wadda ke ɗaga taɓarya sai ta yi bisimilla. Tun ina yarinya haka nake gani. Daga Fulatan har Zoza har Beli ake aiko mata da babur, wani lokaci kafin 'yan'uwan uban jariri su ji labarin haihuwa ita ta ji. Ba biyanta ake yi ba. Goro ne, da ɗan ƙullin yaji, da sannu da aiki. Amma bayan rasuwar Baba wannan shi ne abin da ke fito da ita daga ɗaki. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, idonta ya fara hazo, sai ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida ka ga ta miƙa hannu tana laluben mayafi tun kafin a yi sallama.

Akwai kuma wani abu da dole in faɗa, don a kansa komai ya tsaya. Yaya ɗan farin Inna ne. Ba ta taɓa kama sunansa ba. Wancan take ce masa, ko mutumin Karaye. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, ba ta roƙonsa, ba ta musu da shi. In tana son wani abu a wurinsa sai ta faɗa wa bango, mu mu tsinta mu kai masa. Haka aka tarbiyyantar da ita, kunyar ɗan fari ta fi mata ƙarfi a kan yunwa da ciwo. Duk son da ta haɗiye a kansa sai ta juye shi kan 'yarsa ta fari, wadda aka sa wa sunan Inna. Ita ta yaye ta, a ɗakinta ta girma, daga ɗakinta aka ɗauke ta amarya zuwa Beli. Takwara take ce mata, mu ma duk haka muke kiranta. Ranar da aka kai amarya, muna dawowa Inna ta ce da ni a cikin mota, "Ni dai Allah ya kai ni in haɗa yajin Takwara. Ko shi ne na ƙarshe, na gode." Ban taɓa jin ta roƙi wani abu don kanta ba sai wannan.

Ba a daɗe da karatun tsibirai ba Yaya ya dawo Fulatan da ledojin kayan yaji da wani ɗan sikeli mai batir. Ina gidan ranar. Bai dubi Inna ba, ya ce da matar ƙanenmu, "Ki ce wa Inna ta haɗa mana irin na mai jego."

Inna ta yi saurin tambayar bango, "Wa ya haihu?"

"Babu wanda ya haihu," in ji Yaya. "Gwaji ne."

Ta gyara zama a tabarma. Aka jera mata faya-fayai. Ta sa hannu ta ɗebo barkono, kafin ta watsa a turmi Yaya ya tara roba, ya ɗora a sikeli, ya danna wani abu a wayarsa. Ta tsakuro kanumfari, ya tara. Ta ɗebo kimba, ya tara. Na ga hannunta ya tsaya a sama. Ta juya fuska ga katanga ta ce, "Ba a haɗa yajin jego babu jego."

Kowa a gidan ya gane abin da take nufi. Ko akuyar da ke ɗaure a turke ta gane. Yaya ya yi dariya ya ce, "Kun ji dai ba ta ce a'a ba."

Wannan maganar ita ce har gobe ba na yafe masa. Ya san ba za ta ce a'a ba. A gidan ya girma, ya san in da wuta zai sa wa ɗakinta ba za ta kira sunansa ta ce ya bari ba, sai dai ta ce wa bango ana jin ƙauri. Ba rashin sani ba ne. Kunyar uwarsa ya gani a buɗe, ya bi ta nan ya shige. Na ce masa Inna ba ta so, ya ce ni ce ba na so, ni da ba na son ci gaba. Kafin ya tafi ya ɗaga waya ya ɗauke ta hoto tana ƙoƙarin jan mayafi ta rufe fuska.

Bayan 'yan watanni kaya suka fito. Ya kama shago a Karaye, ya sa injin niƙa da na manne leda. Leda ce ja mai ƙyalli, suna da Turanci a sama, a ƙasa an rubuta yajin jego na gargajiya, a tsakiya ga Inna. Masu buga ledar sun yi mata gyara. Sun ƙara mata haske, sun share zanen da ke kumatunta, zanen gidan ubanta, wai don hoton ya fita tsaf. Ita ma an ƙara mata daraja ke nan.

Na sayi leda ɗaya na kai gida, na ɗanɗana ina addu'a in ji ɗaci ko warin man inji, in samu abin faɗa. Ban samu ba. Yajin Inna ne. Wataƙila mai dogon harshe ya ji bambanci, ni ban ji ba, kuma wannan ya fi komai ba ni takaici.

Sai ga kaya suna tafiya kamar an yi musu asiri. Mazan Karaye da Rogo suka yi caa a kai. Waɗannan mazan da za su zauna teburin mai shayi su ci taliya da ƙwai su ƙara da tsire, su ne suka gano cewa ciyar da matan da suka zo daka asara ce. Mace ta haihu, miji ya tsaya shagon Yaya ya ɗaure kwali a bayan babur, shi ke nan ya sauke nauyi, babu tuwo, babu goro, babu tsohuwar da za ta ce ya yi rowar kimba. Matan ma ban bar su ba. Waɗanda Inna ta haɗa wa yajin 'ya'yansu kaf, waɗanda ta riƙe wa kai suna amai, su ne ka ji suna taɓe baki suna cewa na leda ya fi tsafta, wa zai zauna barkono na shiga masa ido. Wata har ce min ta yi, wai ai alheri aka yi wa Inna, yanzu ta shiga kowane gida ba tare da ta taka ƙasa ba. Na dube ta na ce Allah ya sa ita ma 'ya'yanta su riƙa aiko mata da hotonsu ranar salla.

Yaya kuwa ya sayi mota. Ya soma sa tabarau ko da gari ya yi lumshi. Aka fara gayyatarsa bita, shi ne yanzu mai tsayawa gaban allo yana ba da labarin masoro da jiragen ruwa. Na ji an ce a nan yake cewa sirrin mahaifiyarsa ne ya ceto kada ya bi ta kabari. Inna na nan da ranta tana korar kaji a Fulatan, shi ya riga ya fara cetonta daga kabari.

Babura suka daina tsayawa a ƙofar gidanmu. Ba rana ɗaya abin ya yanke ba, a hankali ya janye. Matar ƙanenmu ta ce min har yanzu in Inna ta ji ƙarar babur tana miƙa hannu wajen mayafi, in ya wuce sai ta yi kamar ƙuda take kora. Haihuwar maƙwabta ma sai ta ji guɗa ta tambaya. Wata rana na raka ta kasuwar Rogo sayen tukunya, muna ratsa layin masu tsire ta tsaya cak. Ledar yajin ce a ƙasa, an yage ta an yar, an take fuskar da takalmi. Ta sunkuya da ƙyar, ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta cusa a haɓar zani. Muka yi gaba kaɗan, ga wata a cikin kwata. Ga wata akuya na taunawa. Ta dube su, ta ciro wadda ta ɓoye ta sake ta a ƙasa. Ta ja mayafi ta rufe fuska har muka hau mota, ita da ba ta taɓa barin namiji baƙo ya ga fuskarta sosai ba.

Ana cikin haka Takwara ta samu ciki. Ranar da labari ya iso Fulatan, Inna ta tashi kamar an cire mata ƙaya. Ta sa aka share ɗan fili a bayan ɗakinta ta shuka barkono da hannunta, ta ce ba za a sa wa Takwara barkonon kasuwa ba. Duk wanda zai je Rogo sai ta ba shi saƙo, in ya kawo ta shinshina, in bai yi mata ba ta mayar. Kimba sai da aka yi mata sawu da yawa kafin ta karɓa. Ta riƙa tara su a wani tsohon ɗankwali, tana ƙullewa tana turawa ƙarƙashin gado. Ta sa aka fito da babban turminta, wanda aka kawo ta da shi gidan Baba, aka wanke aka shanya. Ciwon gwiwar ma ya yi sauƙi.

Da ciki ya tsufa Yaya ya ɗauko Takwara daga Beli ya kawo ta gidansa na Karaye goyon ciki, ya ce nan ne kusa da asibiti. Wannan ban ga laifinsa ba. Amma na san halin mutumina, sai na wanke ƙafa na same shi a shago. Inji na ƙara, ma'aikatansa sun ɗaure hanci da ƙyalle, shi yana kan kujera mai juyawa.

Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, Inna ta daɗe tana shiri. Ita za ta haɗa yajin Takwara, a daka shi a turmi kamar yadda aka saba."

"Ita ta ce, ko ke kika ce?"

"Ka san ba za ta faɗa maka ba. Ka sani sarai."

Ya cire tabarau ya goge. "Ke ki duba min. Ni mai wannan wuri, 'yata ta haihu, a ji ana lugude a gidana? Gobe wa zai sayi kayana? Cewa za a yi mai shi ma bai yarda da abinsa ba."

Na ce, "Ashe Inna sai ta nemi izinin leda kafin ta yi wa jikarta hidima."

Ya hau kaɗa ƙafa. Can na ga idonsa ya yi wani haske, irin hasken ranar da ya ga ramin kifi a mafarki. Ya ce, "Turmin nan nata babba yana nan?"

Na ce yana nan, har an wanke.

"To ki ce a kawo shi. In an haihu ita ma ta zo."

Haka ya faɗa, haka na kai. Da yamma na ji Inna tana waƙa ƙasa-ƙasa tana tsince barkono.

Takwara ta sauka lafiya, ta samu ɗiya mace. Aka ɗora turmi a motar kaya aka yi gaba da shi. Ranar da Yaya ya sa, na je Fulatan da sassafe na ɗauko Inna. Ta yi wanka, ta sa atamfar da take ajiya, ta sa kwalli. Ƙullin kayan yajin ta ƙi yarda a sa a bayan mota, a cinyarta ta riƙe shi har Karaye. A hanya tana ta lissafa matan da take ganin za su zo, wace ce mai ƙarfin daka, wace ce sai surutu.

Tun daga bakin layi na san akwai wata a ƙasa. Babu ƙarar taɓarya, lasifika ce ke tashi. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba, an rataya wani ƙaton ƙyalle mai hoton Inna, fuskar nan da aka share wa zane ta kai girman ƙofa. Ga kwalaye an gina su kamar katanga. A tsakiyar rumfar kuma ga turmin Inna. An kife shi, an lulluɓa masa farin leshi, an jera jajayen ledoji a kansa kamar furanni, an jingina taɓarya a gefe an ɗaura mata kintinkiri.

Yaya ya taho da babbar riga, baki har kunne, bayansa mai ɗaukar hoto da wasu abokansa na bita. Ya ce da su, "Ga ta nan, ita ce tushen komai." Suka durƙusa suka gaishe ta da ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba. Aka zaunar da ita a kujera kusa da turmin, aka miƙa mata taɓarya ta riƙe. Mai hoto ya ce, "Hajiya, ɗan murmushi." Ya dubi ƙullin da ke cinyarta ya ce a ɗan ɗauke wannan tsumman, yana ɓata hoto. Na karɓa na riƙe. Na rasa ko in jefi Yaya da shi ko in fashe da kuka. Inna ta kafa ido a ƙasa, ta riƙe taɓarya, aka yi ta haska ta. Mata na shigowa barka, kowace a miƙa mata leda biyu a bakin ƙofa, tana wucewa ta ce, "Sannu Inna, kin ga ɗa mai albarka."

Da aka gama da ita ta miƙe ta karɓi ƙullinta, ta ce in kai ta wurin Takwara. Na san abin da ke ranta. Tana ganin in yarinyar ta buɗe baki ta ce ita yajin kakarta take so, ko a bayan gida ne za a samu ƙaramin turmi, ita ta haɗa, ni da matar ƙanenmu mu daka. Ni ma abin da nake fata ke nan.

Takwara na zaune bakin gado, ta yi fes, jaririya na gefe a naɗe. A gabanta kwanon farfesu, ga jar leda an yage bakinta. Tana ganin Inna ta yi ihu ta rungume ta. Inna ta ɗauki jaririyar, ta yi mata addu'a, ta tsokane ta cewa ta zo da hancin mutanen Beli. Sannan ta zauna, ta jawo ƙullin kusa da ƙafarta, ta ɗora hannu a kan ƙullin. Ta buɗe baki ke nan Takwara ta riga ta.

"Inna, wallahi na so a yi min daka. Tun ina yarinya nake cewa ranar tawa sai an ji lugude har bakin titi. Amma Baba ya ce ke kika ce a hutar da ke, gwiwarki ba za ta iya zaman ba. Na ce to, lafiyarki ta fi min. Ai wannan ma naki ne."

Na yunƙura zan yi magana, Inna ta damƙe min gwiwa da hannu, damƙa mai ciwo. Kalma ɗaya ta rage tsakaninta da abin da ta roƙi Allah. Amma kalmar ita ce ta ce ɗanta na fari ya yi ƙarya, a gidansa, a gaban 'yarsa. Na dubi fuskarta na ga tana auna abin, na kuma ga inda ya rinjaya.

Ta ce, "Haka ne, Takwara. Ni na ce."

Ta tura ƙullin ƙarƙashin kujera da diddige, ta ce a ƙaro wa mai jego kunu.

Ba ta kwana ba. Da la'asar ta ce in mayar da ita. Muna fita Yaya na tsakiyar rumfa da lasifika a hannu, ya kai wurin da Turawa suka kewaye ƙasar baƙar fata, mutane na gyaɗa kai. Bai ga fitarmu ba. A mota Inna ta ɗora min ƙullin a cinya ta ce, "Ki sa a miya, kada ya lalace." Sai da muka wuce Rogo ta sake magana, ta dubi gilashin mota ta ce, "A gaya wa wancan a dawo min da turmina."

An dawo da shi bayan suna, da guntun leshi maƙale a gindinsa. Ta sa ƙanenmu ya kife shi a bakin ɗakinta. A kansa take zama yanzu in za ta yi alwala, kuma ko babur ya tsaya a ƙofar gida ba ta neman mayafi.